Ɗakin Busar da Itace a Jikin Bangon 'Yata

Doña Amparo, don Allah ki taimake ni, hankalina ya kasa kwanciya.

Mijina Eusebio masassaƙi ne, akusa yake fitarwa a injin juya itace, muna kaiwa kasuwar bikin tunawa da matattu a garin Pátzcuaro. A garinmu ba a saran itace sai wata ya fara raguwa, an ce lokacin ruwansa ya sauka. Bana maƙwabcinmu ya sare gonar piyarsa wata na cike, Eusebio ya kwaso gumaguman, ɗanye sharaf. Mahaifinsa ya yi masa dariya a gaban mutane, wai itacen girki ya tara mini. Kin san maza, maganar ta tsaya masa a wuya.

Sai ya gina ɗan ɗakin busar da itace na tubali a jikin bangon ɗakin 'yarmu Nayeli, ya jera itacen, ya sa kaskon gawayi da ba ya mutuwa. Duk wata kafa ya liƙe ta da laka, wai kar zafi ya tsere. Bangon kuwa tsohon gini ne, duk ya tsattsage.

Tun lokacin yarinyar ke tashi da ciwon kai da amai, idan ta wuni a makaranta sai ta ware. Shekaranjiya kanarinta ya mutu a keji. Surukata ta shafe Nayeli da ƙwai, ta fasa a kofin ruwa, ta ce kambun baka ne. Yau da safe sai da na jijjiga ta sosai kafin ta buɗe ido. Na yi wa Eusebio magana, ya ce ni ma na koma bayan tsohonsa. Ina jin tsoro ƙwarai.

Uwar Nayeli

'Yata, ba kambun baka ba ne. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba, ba ta da wari, kuma ta tsagar bangon nan take bi. Ki fitar da yarinyar yanzu, a kashe kaskon, ki kai ta asibiti ki gaya musu gawayi ta shaƙa.

Mijinki ba mugu ba ne, kunya ce ta rufe masa ido, kuma neman abincinku yake. Kada ki sako mahaifinsa a maganar. Ki nuna masa cewa ko ta fuskar itacen ma, aikin ya ɓaci: ɗakin da aka liƙe ba ya busarwa, gumi kawai yake tarawa, zafin garwashi kuma tsaga itace yake. Ya sake gini can ƙarshen gida, kafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ƙwan lantarki da 'yar fanka sun isa a maimakon gawayi. Ya rage wa gumaguman kauri, ya shafe bakinsu da kakin zuma, ya yi haƙuri. Kasuwar bana ta wuce shi, ya karɓi hakan.

Idan ya ƙi, kada ki tsaya gardama. Ki ɗauki 'yarki ku tafi gidanku, gara ya yi fushi da ke yana da 'ya. Allah ya ba ta lafiya, ya tsare ku.

Doña Amparo