Sabuwa Za Ta Shiga Gidanku

Kaura Namoda, 4 ga Janairu, 2003

Zuwa ga Kakata Hajiya Hindu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ciwon gwiwa ya yi sauƙi.

Kaka, kwamfutar da Baba ya bar mini ta tsufa. Tun da shari'a ta zo mai shagon wasa ya rufe, a gida muke buga ƙwallon kwamfuta. Amma da na kusa raga sai ta sandare, abokina Mubashir ya yi ta dariya. Muhtari mai gyara ya ce ko a ƙara mata kayan ciki ta ɗan taɓuka, ko a sayi sabuwa. Ni sabuwa nake so. Mun sa gasa ranar yawon Sallah, 'yan unguwa duk za su zo. Ki taimaka ki sayar da bijiminki da ke garin Dauran.

Jikanki mai biyayya,
Jabiru

Zurmi, 15 ga Janairu

Maigidana Jabiru,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ta gode da aka tuna da ita ranar da ake son bijimi.

Mai biyayya! Sai da na karanta wurin sau ukku, ka san karatun namu na yaƙi da jahilci ne, na ce ko idona ne. Ka tuna ƙaramar Sallah? Na hawo motar Zurmi, na toya maka hoce da hannuna. Na tsaya ƙofar ɗakinka ina sallama, ka ba ni ƙeya. "Kaka, bari in ci wagga ƙwallo." Tun azahar nake tsaye awa mai jiran gyaran takalmi, har aka kira la'asar. Ƙwallon ma ba ka ci ba. Ƙanwarka Zulaihat ce ta kawo mini tabarma, kai ko ka daka mata tsawa wai kar ta taɓa waya. Hocen akuyar maƙwabta ta cinye, ita ta ma fi ka fara'a.

Amma ni ba ni da riƙo. Mi tsohuwa za ta yi da bijimi? Turo mini Muhtari. Na yi maka alkawari sabuwa za ta shiga gidanku kafin Sallah.

Matarka ta fari,
Hindu

Kaura Namoda, 14 ga Fabrairu

Kaka,

Assalamu alaikum. Wannan wane irin abu ne? Muhtari ya kawo sabuwa cikin kwali, na miƙa hannu, ya wuce ni ya kai ɗakin Zulaihat. Wai umarninki ne, har da kwaɗo da makulli. Tawa ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya cusa mata wani ɗan ƙarfe, ya ce gaisuwa ce daga Zurmi.

Jiya aka yi gasar. Tawa ta kai rabin lokaci lafiya, sannan ta sandare ina gaban raga. Mubashir ya ci ni biyar. Daga ɗakin Zulaihat kuwa sai ihun ƙawayenta, wai ta ci kofi. Sati biyu kacal da fara koyo! Na kai ƙara wurin Baba, ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata.

Don Allah ki rubuto mata ta ba ni makulli kafin ramuwa ran Asabar ta sama.

Jabiru

Zurmi, 16 ga Fabrairu

Angona,

Wa'alaikumus salam. Na ce za ta shiga gidanku, ta ko shiga.

Makulli yana wuyan Zulaihat, na aika mata da sharaɗi. Ka je ƙofarta bayan azahar ka yi sallama. Za ta ce ka bari ta ci wagga ƙwallo. Ka tsaya. In an kira la'asar ba ka zauna ba, ta ara maka.

Ga hoce nan hannun direba. Na Zulaihat ne.

Ka huta lafiya,
Hindu