Gidan da Na Kama a Misfala

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Makka lafiya lau, alhamdulillahi.

Ka tara dangi ka sanar da su cewa yayanka ya sayi jakar zuba takardu, mai makulli. Dalili kuwa, na shiga dillancin gidaje. Sai ka kama gida da yarjejeniya, ka ba da arbun, wato kafin alƙalami, ka miƙa wa mai jigilar alhazai kafin wa'adi ya cika. In ya cika ba ka samu kowa ba, arbun ya tafi, ga shi nawa jarin shagona ne.

Ni wani gida mai marmara na so, har ana hango hasumiyar Harami ta taga. Rabi, matar yayanka, ta nace sai wani tsohon bene a unguwar Misfala, wai kowane hawa da kicin. Na ce mata, "Hajiya, ibada suka zo yi ko tuƙin tuwo?" Kafin mu gama gardama wani ya kama mai marmarar, dole na koma nata.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, wani Bakano mai jigilar alhazai ya zo dubawa. Ko taga bai leƙa ba, kicin ya nufa. Ya ce, "Tsofaffina da kukarsu da daddawarsu suke zuwa, nan ya yi." Nan take ya sa hannu.

A taya mu da addu'a. Ka gaishe da Inna da Baba Ƙarami. Rabi ta fi ni sanin alhazai, ni na yi kuskure. Ita dai ban faɗa mata ba tukuna.

Yayanka,
Habibu