Tutar Jamus Ta Ɓare a Masallacinmu

Zuwa ga Darakta, mai kantin kayan sauti da ya sayar wa masallacinmu ampili,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Na fito da maganar nan fili ne don na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinku.

Ni ne wanda jama'ar wani ƙaramin masallaci a Zangon Wagadugu suka wakilta ya sayo ampili, wato na'urar ƙara sauti, da lasifika kafin azumi. Malaminmu mai tafsiri ya tsufa, muryarsa ba ta wuce sahu na biyu. Iyayenmu mata kuwa a bayan katanga suke zama, mahaifiyata na cikinsu, kuma su suka fi kowa sa hannu a karo-karon. Na tsallake masu araha na kasuwa na zo wurinku, don mai sayarwarku ya dafa ƙirji ya ce ƙirar Jamus ce, ya nuna mini tuta a goshinta.

Na farko. Azumi bai yi nisa ba ampili ta yi ƙauri ta mutu ana tsakiyar karatu. Da na ɗauko ta, sai ga takardar tutar ta ɓare saboda zafi, a ƙarƙashinta an buga sunan ƙasar Sin a jikin ƙarfen. Ba mu da faɗa da kayan Sin, Darakta, babur ɗina da wayata duk daga can suke. Amma ba wanda ya manna musu tutar wata ƙasa ya caje ni kuɗinta.

Na biyu. Kun ce garanti ya faɗi, wai mun lulluɓe ta da ƙyalle ta kasa shan iska. E, mun lulluɓe. Mu nan, abin da ke ɗauke da karatun Alƙur'ani ba a barinsa tsirara, shi ya sa mata suka ɗinka mata riga har da aikin zare. A gaban mai haɗa wayoyinku aka sa mata rigar nan. Ya shafa, ya yaba ɗinkin, ya sha zom-kom ɗinmu, ruwan geron nan mai zaƙi, har da ƙari, ya hau babur ya tafi. Kalma ɗaya da ya faɗa, wallahi da a take mun cire. Littafin bayanin da ke cikin kwalin kuwa, ko Faransanci babu a ciki.

Na uku. An tura ni sitonku a unguwar Dasasgo, na Dasasgo suka ce mai gyara yana Tangin, na Tangin ya ce sai da sa hannunku. Na dawo, sakatarenku ya ce kun fita, alhali ga motarku a inuwa ina kallo. Duk wannan da azumi a bakina, cikin ranar nan. Haba, Darakta!

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku ba mu aron ampili mai aiki yau, ko ta wace ƙasa ce. Ku canza mana tamu, ko ku mayar wa jama'a da abinsu. Sauran da ke kan kantarku kuma ku ɓare musu tutar da hannunku, kafin wani masallacin ya faɗa.

Kwanakin tafsiri tafiya suke, ba sa jiran sa hannu. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Jiya Malam ya yi ta ɗaga murya don ta tsallaka katanga, har tari ya sarƙe shi ya rufe littafi tun kafin lokaci. Da ya samu numfashi ya kira ni ya ce, "Matan dai sun ji ko?" Na sunkuyar da kai.

Allah ya karɓi ibadarku, ya sa albarka a cinikinku, ya ba ku ikon gyarawa tun azumin bai fita ba.

Wassalam.

Naku,
Ɗanlami, Zango, Wagadugu