Facin da Na Manna wa Keken Ɗinki

Litinin, 3 ga Maris

Kacici-kacici, tunda ba mai saurarona sai ke takarda: wace ce ke ci da wuta ba hayaƙi, ta babbake na kusa da ita, alhali duk gidan ba wanda ya kai ta tsoron wutar?

Jikata Mai Giɓi na haɗa wa shi. Uwarta ta daina kawo ta. Wai laifina. Ina ba yarinyar labarin kunkurun da na ƙirƙiro mata da kaina, sunansa ya ɓace mini. Ta ce, "Kaka, kin sake mantawa." Zafin nan ya taso daga ƙirji zuwa ka, sai ganin gwangwanin maɓallai na yi ya daki bango. Ban jefe ta ba. Kusa da ita dai.

Alhamis, 6 ga Maris

'Yata nas ce, shi ya sa take ganin ta fi wadda ta haife ta sanin jikin mace. Ta ja ni wurin likita, wata siririya sa'arta. Likitar ta tambayi al'adata. Na ce tana zuwa sanda ta ga dama, ba sallama. Ta dudduba ni, ta ce sinadarin mata ne ke raguwa, za a cike gurbi. Ƙwaya, da wani faci da za a manna a ƙugu.

Faci. Ban cika hamsin ba sun mai da ni tayar keke.

Asabar, 8 ga Maris

Na manna wa keken ɗinki, a ƙarƙashin tebur. Ya girme ni, ya fi ni ƙara.

Talata, 11 ga Maris

'Yata ta kira. "Mama, an sa?" Na ce an sa. Ƙarya na yi?

Mai kitso ta ce facin nan ciwon daji yake kawowa. Ban taɓa yarda da maganar matar nan ba sai yau.

Asabar, 15 ga Maris

Gumina ya ɗiga a farin yadin mutane. Ina cikin gogewa 'yata ta shigo, ita kaɗai. Makullinta ya faɗi, ta sunkuya. Ta daɗe a ƙarƙashin tebur.

"To, ya jikin nasa?" in ji ta. "Da sauƙi?"

Na ce ya gode.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce haɗarin da nake tsoro likita ta yi mini bayaninsa, kaɗan ne a kaina, kuma za a riƙa dubawa, ni ce na toshe kunne. Na ce ni na goya ta, ba ita ta goya ni ba. A bakin ƙofa ta juyo: "Kin san me jikarki take tambayata? Ko Kaka ta daina sonta."

Na ce ta ja mini ƙofa.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban ɗinka komai ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na sa. Ƙwayar ma na haɗiye. Don in nuna musu ba ya aiki ne. Ƙaiƙayi yake, banza.

Asabar, 19 ga Afrilu

An kawo jikata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana neman gwangwanin da ido. Tun jiya na ɗora shi kan durowa, ƙura ce ta dame shi.

Zafin ya leƙo, ya tafi. Ina jin gari ne ya yi sanyi, kada wata nas ta ɗaga kai.

Sunan kunkurun bai dawo ba. Na tambaye ta, ta faɗa mini a hankali, tana kallon hannuna. Muka kai labarin ƙarshe, ta dawo kan cinyata. Na ce ta yi nauyi kamar uwarta.

Na ba ta kacici-kacicin. Ta ce dutsen guga. Ta ce murhu. Na bar ta tana ta canka.

Kakarta ce.