Na Ci Tseren da Ba Nawa Ba

Zuwa ga Halti Hurriya,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san masu manyan damuwa ne ke zuwa wannan fili, ni kuwa abin farin ciki ne ya same ni, har ina jin kunyar kiransa damuwa. Amma don Allah ki taimake ni, domin a gidanmu kowa murna yake yi, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata goma sha shida, ina babbar sakandare a nan Blida, kuma ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar 'yan mata masu tseren keke. Kakana, wanda muke kira Jaddi, shi ya sa mini son abin. Ya yi tsere a ƙuruciyarsa, bai taɓa cin ko ɗaya ba, kuma ba ya ɓoyewa. Aikinsa shi ne ya shiga gaban gwanin ƙungiyarsu ya tare masa iska, ya koma baya ya ɗauko masa gorar ruwa. Kowace Juma'a, da an ajiye kuskus, sai ya fara ba mu tarihi: yadda a da a wasannin Olympics ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa shi da agogo, sai a 1936 aka koma tayar da su gaba ɗaya, yadda mata ba su samu shiga ba sai 1984. Mamata takan ce, "Baba, ci abincinka, zai huce kafin ka iso wurin matan." Shi kuwa cewa yake tseren agogo lissafi ne kawai, amma idan aka saki mutum ɗari lokaci guda, to an saki gari ne sukutum, da maƙwabtansa da ɓarayinsa da masu amanarsa. Da aka yi wasannin Bahar Rum a Wahran ya kai ni a jirgin ƙasa. Gungun mahaya suka wuce mu fuu, iskarsu ta ɗaga mini ɗankwali, daga ranar ban sake son wani abu kamar keke ba.

Sai dai ni matsoraciya ce. Da na shiga ƙungiya, kullum can baya nake maƙalewa don tsoron cunkoso. Shahinez, gwanarmu, wadda ta girme ni da shekara biyu, ita ta jawo ni ciki. Takan ce, "Idonki kan tayar da ke gabanki, ke 'yar ɓera. Kar ki kuskura ki waiwaya, mai waiwaye ita ke kayar da mutum goma." Ita ta koya mini cewa idan na ja gaba na gaji, in kaɗa gwiwar hannuna, ta bayana za ta gane ta wuce ta karɓe ni.

A tseren yankinmu da aka yi kwanan nan, ƙarshen hanya hawa ne a kan titin dutsen Shriya. Mai horar da mu, Madam Feruja, ta ce ni zan ja Shahinez a hawan, in na gaji ta wuce ta ci. Tun a fili iska ke dukanmu ta gefe, Shahinez ta yi ta jan rigata tana mayar da ni inuwarta don in adana ƙafafuna. Da muka iso hawan na shiga gaba na ja iya ƙarfina. Na kaɗa gwiwar hannu, ba wanda ya wuce. Na ce wataƙila ƙari take so, na ƙara takawa. Na sake kaɗawa, shiru. Halti, haka na yi ta kaɗa hannu har na tsallake layin ƙarshe. Mata na ta guɗa, na juya in taya Shahinez murna, ban ga kowa ba sai alƙalin tsere a kan babur yana riƙe da cikinsa don dariya.

Na zaci Jaddi zai yi faɗa, tunda na bar wadda aka ba ni amana. Ina! Sandarsa ya jefar ya hau rawa a tsakiyar titi. Yanzu shagunan gahawa yake bi yana nuna hoton bidiyon tseren, yana cewa, "Ku zo ku ga jikata, kaza ta tsere wa dawakai!" A makaranta ma Kaza ake kirana, saboda yadda na yi ta kaɗa hannu kamar fiffike. Nakan sunkuyar da kai, amma gaskiya ina jin daɗi ƙwarai, kuma nakan kalli bidiyon a ɓoye.

Shahinez ta zo ta huɗu. Ta rungume ni tana dariya ta ce, "Barka, kurma! Muryata ta dishe ina kiranki." Amma tun ranar ba ta zo ta yi mini fito a ƙofa mu tafi horon safe ba, kuma amsar saƙonta kalma ɗaya ce. Yanzu Madam ta ce a tseren wata mai zuwa, wanda daga shi ake zaɓar 'yan matan da za a gwada wa ƙungiyar ƙasa, ni ce jagora, Shahinez ce za ta tare mini iska. Wannan kuma ita ce shekararta ta ƙarshe cikin matasa. Ina tunanin in roƙi Madam ta mayar da ni ɗaukar ruwa, ko in matse birki a ɓoye a kan hawan. Amma kuma ni ma ina so wata rana in tsaya a layin farko tare da 'yan matan wasu ƙasashe. Ba na so in rasa Shahinez. Me zan yi?

Idan ban cika ki da surutu ba, ki ba ni izini in sake rubuto miki bayan tseren.

Kazar Blida

*

'Yata,

Barka da nasara! Na yi dariya har gilashina ya zame. Ki daina kallon bidiyon a ɓoye, guminki ne.

Ki fara cire maganar birki daga ranki. Wadda ta koya miki tsere za ta gane daga motsin kafaɗarki cewa kin sassauta mata, kuma ba za ta yafe ba. Tausayi irin wannan ya fi shan kaye ciwo. Zuwa wurin Madam a bayan idon Shahinez ma bai dace ba, domin yanke mata hukunci ne ba tare da an tambaye ta ba.

Amma kada ki ga laifin shirunta. Yarinyar da ta saba zama gwana ta ga ƙanwarta ta ɓace mata a kan hawa, a shekarar da ta fi bukatar ƙafafunta. Ta yi ƙoƙari da ta rungume ki a gaban jama'a. Ina zaton da ƙafafun nata take fushi, ba da ke ba, kuma tana jin nauyin zuwa ƙofarki kamar yadda kike jin nauyin zuwa tata. Ke ce mai nasara, don haka ke za ki taka.

Ki sa mamanki ta soya makrut, cincin ɗin nan mai dabino a ciki, ki ɗauka ki je gidansu. Kada ki ba ta haƙurin cin tsere. Ki faɗa mata abin da kika faɗa mini cikin layi ɗaya kika wuce: cewa ita ta ɓoye ki daga iska tun daga fili, da ƙarfin da ta adana miki kika hau dutsen. Ina shakka ko wani ya faɗa mata haka. Daga nan ku je wurin Madam tare, ku tambaye ta ko za a bar hawan ya zaɓi jagora a ranar, wadda ƙafarta ta amsa ta tafi, ɗayar ta tsare mata baya. Ƙungiyoyi da yawa suna shiga tsere da jagora biyu. In Madam ta ƙi, ki karɓi aikinki da hannu biyu. Jaddinki ya ɗauki ruwa tsawon ƙuruciyarsa don wata rana wani nasa ya fara isa layin, kin ga rawar da ya yi.

Abu na ƙarshe. Shahinez rabin darasi ta koya miki. Ta hana ki waiwaye don kina sabuwa, amma ƙwararru suna leƙa baya ta ƙarƙashin hammata ba tare da keken ya karkace ba. Ki ce mata, "Yaya, ki zo ki ƙarasa aikinki, kada in sake barin ki a hanya." Ki bar ta ta yi miki tsiya son ranta. Ina sa ran za ki ji fito a ƙofa kafin makrut ɗin ya ƙare.

Izini kuwa kin samu. Ki gaishe mini da Jaddi, ki ce ya ci kuskus ɗinsa da zafi. Allah ya tsare hanya, ya kai ku layin ku biyu lafiya.

Halti Hurriya