Waken Ozo

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Zuwa ga Anti Chidiogo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da yara. Ni ce Mufida, matar Saifullahi ɗan Inna, wadda ta kira ki da wayar Inna kika yi ƙasa da murya kika ce in kashe in rubuto miki. Ga shi na rubuto, zan ba direban motar Enugu kamar yadda kika ce.

Ranar sadakar arba'in ɗin Inna komai ya canza mini. Baƙi sun watse, rana tsaka, ina sharar tsakar gida, sai na ji ƙas-ƙas daga ɗakin nan na kusa da rijiya wanda kullum yake kulle. Kamar mutum yana sosa ƙofa da farce daga ciki. Na yi ta'awizi, na tsaya, abin bai daina ba. Tun da aka kawo ni gidan nan Inna ba ta taɓa bari na leƙa ɗakin ba, makullinsa a bakin zaninta yake. Ranar sai na ɗauko shi.

Anti, ba kowa a ciki. Jarkoki ne jere a kan katako, cike da wake, kowace an ɗaura mata ƙyallen atamfa a wuya. Ga bokitan garin kwaki da murafensu, ga shinkafa, manja, gishiri, suga, zuma, har da ashana da kyandir. A gefe ga tabarma a naɗe, da faranti ɗaya, cokali ɗaya, kofi ɗaya a kife. Murfin wata jarka ne ya tsage iska ta shiga, ƙwari suka cika ta. Su ne masu ƙarar. Na gani da idona, amma har yau in na wuce ƙofar sai na waiwaya, saboda farantin nan ba ƙura a kansa sosai. Akwai wadda take wanke shi.

Da maigidan ya dawo na tambaye shi. Ya ce, "Na Ozo ne," ya sa takalminsa ya fita. Washegari ya ce in kwashe komai, zai sa a yi wa ɗakin fenti ya zama nawa kafin in haihu. Ba zan ɓoye miki ba, na yi murna. A ɗaki ɗaya muke, littattafaina ma a kwali suke ƙarƙashin gado, har na zaɓi launin labule a raina. Amma sau biyu ina shiga da niyyar kwashewa hannuna yana ƙi.

A wayar Inna na ga lamba an sa mata Maman Ozo, shi ya sa na kira. Don Allah, wane ne Ozo?

Ki huta lafiya.
Taki,
Mufida

*

Enugu

Amaryarmu Mufida,

Na gaishe ki, ya jiki, ya haƙuri? Ki yafe mini Hausata, ta yi tsatsa. Ranar da kika ce mini Inna ta rasu, banɗaki na shiga na saki famfo na yi kukana, don kada Mama ta ji. Allah ya jiƙanta. Ita ta yi mini kitson farko.

Wato Saifu ne ya yi aure har zai zama baba? Yaron da yake satar mana soyayyiyar ayaba ta taga? Ki ce masa ina gaishe shi, kuma ban manta ba.

Ozoemena wana ne. Mu 'yan haya ne a gidanku, a nan aka haife mu. Ɗakin da kike magana na ajiyar Mama ne. Tana ƙarama ta taɓa yin gudun hijira da yunwa, tun daga nan ba ta yarda ta zauna ba abincin wata da watanni a ƙasa. Maƙwabta har tsokanarta suke, "Maman Ozo, yaƙi za a yi?" Ita ta koya wa Inna cika jarka har wuya, ita kuma Inna ta koya mata zuba busasshen barkono a ciki.

Shekara ashirin ke nan, ranar da rikici ya tashi a gari, Papa ba shi da lafiya, Ozo ya ce bari ya ruga Tarauni ya kulle shago ya dawo. Shekararsa sha bakwai. Inna ta tura mu ɗakin nan bayan jarkoki, ta kulle daga waje, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Gari da suga muka yi ta sha har aka zo kwashe mutane. Mama ta ce ba inda za ta sai ɗanta ya dawo. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Ki tafi da yaran nan. Gidan nan ya sani. In ya zo zan buɗe masa, kuma zai tarar da abinci."

Tun daga lokacin, duk shekara in sabon wake ya shigo, waya za ta yi ƙara. "Maman Ozo, na canza wake." Mama ta ce, "To, Inna." Shi ke nan, sai su koma hirar ciwon gwiwa. Ba sa ambaton sunansa.

Papa ya rasu da jimawa. Mama ba ta gani yanzu, amma ta ji 'yan kasuwa suna cewa sabon wake ya sauko daga Arewa, don haka wayar tana kan cinyarta tun safe. Shi ya sa na hana ki kira.

Ki saurare ni, ƙanwata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abubuwa da yawa. Ozo ba zai dawo ba. Ki zuba wa kaji mai ƙwarin, ku ci sauran, ki sa labulenki. Inna ce ta yi alkawari, ba ke ba. Ni zan san abin da zan gaya wa Mama.

Allah ya sauke ki lafiya.
Antinki,
Chidiogo

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Anti Chidiogo,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Mama ko da ba za ki iya isar mata ba. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a zaune a bakin ƙofar nan, inda kika ce Inna ta zauna.

Na isar da saƙon ayaba. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun rasuwar. Sai na samu ƙarfin cewa, "To ko mu bar ɗakin yadda yake?" Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Mufida, kin san tun ina firamare ban ci sabon wake a gidan nan ba? Sabo na jarka ne, mu na bara muke ci, wanda sai an sa masa kanwa kafin ya nuna. Gari in ya kusa wata shida a kawo mana, a zuba masa sabo. Manja in ya fara canza ƙamshi namu ne." Na ce ai ba a yi asarar komai ba ke nan. Ya ce, "Ba abincin ba ne. Duk wanda ya taɓa ƙofar gida sai Inna ta ɗaga kai. Ni Ozo ne ya koya mini hawa keke, kin ji? Na gaji. Ina so ɗana ya tashi a gidan da ba a jiran kowa."

Gaskiya ya faɗa. Kuma abin ya fara kama ni. Shekaranjiya da hantsi wani ya ƙwanƙwasa, na leƙa na ga mutum dogo da jaka a kafaɗa, furfura ta fara fito masa, yana kallon gidan kamar ya san shi. Na yi maza na buɗe masa. Ashe gidan mai ɗinki yake nema. A littattafan da nake karantawa, wanda ya ɓace yakan dawo a shafin ƙarshe, ya yi sallama a gane muryarsa. Na san za ki ce in ajiye littattafan nan. Maigidan ma haka ya ce.

Jiya na je kasuwar Tarauni sayen kayan jarirai, wani dattijo mai hatsi, Malam Lawan, ya kira ni. "Ba ke ce surukar Inna ba? Ga buhunta can na ware, bana ta makara." Da na gaya masa ta rasu ya yi salati. Sannan ya ce, "Ita fa ba ta karɓa sai ta gatsa ƙwaya ta ji ta fashe ƙas. In bai bushe ba, ko a jarka sai ya lalace." Bai san na wane ne ba. Na ce masa zan yi shawara.

Na shanya waken jarkar da murfinta ya tsage, na sheƙe, rabi duk ya zama gari. Ƙarar ta daina. Wallahi shirun ya fi damuna.

Me kika gaya wa Mama?

Ki huta lafiya.
Mufida

*

Enugu

Mufida,

Gaisuwa. A gaggauce nake, motar za ta tashi.

Na ce mata layin Kano ne ba kyau. Ta juyo da fuskarta inda nake ta ce, "Chidiogo, ni na haife ki. Inna ta mutu, ko?" Na ce e. Ba ta yi kuka ba. Ta yi mata addu'a da Hausa, irin wadda ta ji kuna yi. Can ta ce, "To wa zai buɗe masa?"

Ta miƙo mini wayar ta ce in sa a durowa. Tun ranar, in na kai mata abinci sai ta ci kaɗan ta rufe sauran ta ture gefe. Ban tambaye ta na wa ba.

Ba roƙonki nake ba, kin tambaya ne na faɗa. Saifu yana da gaskiya, ki gaya masa ni na ce.

Ki kula da kanki.
Chidiogo

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Anti Chidiogo,

Ina gaishe ku da kyau.

Na ba maigidan wasiƙarki ya karanta. Har yau ma maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Amma ranar Talata shi ya ɗauko buhun daga wurin Malam Lawan, ya dire shi a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba.

Na gatsa ya fashe. Na sayi sabon murfi, na cika jarkar har wuya, na sa barkono da leda, na yage bakin atamfar lefena na ɗaura. Na wanke farantin. Gadon jariri zai shiga ɗakinmu in aka matsa da kwalin littattafai. Yau na bara muka ci.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ki fito da wayar daga durowa ki ɗora mata a cinya ranar Juma'a bayan la'asar. Na canza wake, kuma makullin yana bakin zanina.

Taki,
Mufida