Hajiya da 'Ya'yanta Bakwai

Talata, 2 ga Rajab

Na samu farar ɓera! Mai tsuntsaye na bakin kasuwa ya karɓi danƙona na harbi ya ba ni ita. Idanunta jajaye, wutsiyarta kamar igiyar takalmi. Na sa mata suna Hajiya, don tafiyarta ta ƙasaita ce.

Aikinta ɗaya: jakar Yaya. Yayata ce ta faɗa wa Kawu, kafintan da nake koyon aiki a wurinsa, cewa ni na kafe masa takalmi da ƙusa a bakin shago. To, ranar da ta zura hannu neman almakashi za ta ji abu mai ɗumi. Ina rubutu ina dariya.

Na ajiye ta cikin tsohon bokiti a ƙarƙashin gado, na rufe da raga, na zuba mata tsummoki.

Alhamis, 4 ga Rajab

Cin tsiya gare ta. Gero, gyaɗa, ɓawon burodi. Ta yi tumbi kamar Kawu. Na ɗaga aikin zuwa Asabar, lokacin Yaya tana da masu karɓar ɗinki, ihun zai fi daɗi.

Asabar, 6 ga Rajab

Ashe ba ƙiba ba ce.

Na ɗaga raga zan ɗauke ta, sai na ga wasu abubuwa jajaye suna motsi a ƙarƙashinta. Bakwai. Ba gashi, ba ido, kowanne bai kai ɗan yatsana ba. Har nonon da suka sha ana gani fari a cikinsu. Munana ne wallahi. Na leƙa su sau goma sha ɗaya kafin azahar.

Jakar Yaya ta jira.

Litinin, 8 ga Rajab

Yaron kafinta guda, a ce mai jegonsa tana kwana a bokiti? Kwana biyu ina haɗa musu akwati da ragowar katako: ƙofa mai sakata, taga, har ɗan tsani. Na goge shi sumul, na shafa masa mai irin wanda muke sa wa kujeru su yi ƙyalli. Kawu ya juya shi ya ce, "Ashe hannun nan ya iya wani abu ban da iya shege."

Da la'asar na kwashe su ɗaya-ɗaya da hannuna na jera a sabon gida. Tsummokin na zubar, wari suke. Hajiya sai zagaye take tana shinshine-shinshine. Murna ce, ina jin.

Talata, 9 ga Rajab

Shida.

Na bakwai ɗin na ga abin da ya rage nasa. Ba zan rubuta ba. Sauran ta watsar da su kusurwa-kusurwa, sun yi sanyi, ita kuma ta hau saman tsani ta juya musu baya.

A haka Yaya ta same ni, ta shigo neman tsintsiya da ɗanta goye. Ta yi ihun kuwa, irin wanda na yi mako ina jira, ban ma ji daɗinsa ba. Da ta gama salati ta toshe hanci ta ce, "Kai, sakarai, wannan warin man ko ni ya hau min kai, balle ita! Ka taɓa su?" Na ce sau ɗaya. Ta harare ni. Na ce sau da yawa.

"Uwa da hanci take gane ɗanta. Ka mayar mata da 'ya'ya kujeru."

Ta sa na tono tsummokin daga kwandon shara. Da cokali muka mayar da 'ya'yan bokiti, ba da hannu ba, muka sa Hajiya a ciki ita ma. Ta lulluɓe shi da tsohon zani, ta ɗaure da jan zare, ta yi wani ƙulli nata na tela. Kafa ɗaya ta bari, ta inda zan riƙa jefa abinci. "Kwana bakwai. In na ga zaren nan ya motsa, su da bokitin sai bola."

Na ce in uwar ba ta koma kansu ba fa? Ta ce to leƙenka ne zai mayar da ita?

Laraba, 10 ga Rajab

Ban buɗe ba.

Juma'a, 12 ga Rajab

Ni da ko a makarantar allo ban taɓa zama wuri ɗaya ba sai bulala ta zaunar da ni. Yanzu ina kwance rub da ciki, kunne a jikin bokiti. Wani lokaci tsit. Wani lokaci ɗan tsi-tsi, amma na nawa ne? Ɗaya? Shida? Na jefa dafaffen ƙwai da yankan kankana, na karanta duk surar da ta zo bakina na tofa ta kafar.

A shago na yanka ƙafar tebur guntuwa, sau biyu. Kawu ya ce aljanun nawa sun tafi ne ko sababbi suka zo?

Na gwada ƙullin Yaya da wani zare, don in ga ko zan iya mayarwa. Na iya. Ban dai buɗe ba.

Lahadi, 14 ga Rajab

Dogo, abokin ɓarnata, ya zo wai in ara masa ɗaya cikin 'ya'yan ya sa a aljihun mai shayi. Na ce ba sa nan. Ya ce, "Ka zama ungozoma ke nan?" Na tura shi waje har ya bugi ƙofa. Ba mu taɓa faɗa ba.

Saura kwana biyu. Ƙwan da na jefa jiya ban ji ana ci ba. Ko an ci ban ji ba.

Talata, 16 ga Rajab

Yaya da kanta ta yanke zaren. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Zo ka ƙirga, ni ba na kusantar ƙazanta." Alhali kanta na cikin bokitin.

Biyar. Ƙaramin bai kai ba. Amma biyar ɗin sun yi farin gashi lub-lub, suna cusa kai ƙarƙashin Hajiya, tana lasar su. Na ce wa Yaya ƙura ce ta shiga idona. Ta ce ai ɗakinka ba ya rabo da ƙura.

Asabar, 20 ga Rajab

Biyu sun buɗe ido. Ɗaya ya kalle ni ya yi hamma, marar kunya.

Akwatin na kankare man tas, yana rana yana shan iska. Sai sun yi wata tukun su tare a ciki.

Yau Hajiya ta hau hannuna da kanta. Ina riƙe da ita Yaya ta fita shanya, ta bar jakarta a buɗe kan keken ɗinki, almakashi na leƙowa. Taku uku ne. Na ƙirga.

Na mayar da Hajiya kan 'ya'yanta. Mai shayarwa ce, ihu zai iya ɗauke mata nono, don haka ne kawai. Jakar kuma na zuge ta, kada ƙura ta shiga.